Samari uku sun gudu daga gida: amsa ga mai son yin fim a Maamobi

Wani matashi daga Maamobi, unguwar zango a birnin Accra na Ghana, mai ɗaukar bidiyon aure da suna, ya aiko da wannan tambaya tare da shafi 14 na labarinsa: "Yaya, shekarata huɗu ina ɗaukar biki. Na rubuta labarin yara maza uku, 'yan shekara 15 zuwa 16, da suka gama jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, suka gaji da takurar gida, suka gudu bakin teku suka kafa bukka don su rayu yadda suke so. Ba ni da furodusa, sai kyamara ɗaya da ɗan abin da na tara. Labarin zai yi? Ta ina zan fara?"

Ƙanena, labarin zai yi, amma ba yadda yake a takardar nan ba. Na karanta sau biyu, kuma sau biyun a wuri ɗaya na tsaya: wajen uban. Duk fitowar da ka ba shi, ko dai bulala ce a hannunsa ko zagi a bakinsa. Idan uba dodo ne, gudun ɗa ba labari ba ne, ko akuya aka yi wa haka za ta tsinke igiya. Mai kallo zai gane komai a minti uku na farko, ya koma danna wayarsa.

Gwada wannan. Uban mai gadi ne a wani gida a Airport Residential, yana dawowa bayan asuba idonsa ja. Ya daɗe yana tara kuɗi, ya je ya roƙi wani makaniki a Kokompe ya karɓi yaron koyon aiki, har ya kai goro. Shi kuwa yaron ƙwallo ce a ransa, kuma ba haukan banza yake yi ba, don a Nima ɗin nan da ke maƙwabtaka da Maamobi Mohammed Kudus ya taso, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream, ya tafi Denmark a 2018, Ajax ta ɗauke shi a 2020. Yaron ya ga lungun da Kudus ya taka da ƙafarsa. Uban ya ga ɗaruruwan da suka taka lungun suka ƙare a bes, wato majalisar samari, suna dafa ataya har gemu ya fito. Wa ya yi ƙarya a cikinsu? Babu. To daga nan fim ya fara. Ka ba uban fitowa ɗaya da ba ya magana, yana gyara takalmin ƙwallon yaron da ya yage da allura da zare, da dare, bai san ana ganinsa ba. Bayan wannan, in yaron ya gudu, zuciyar mai kallo za ta rabu biyu.

Abu na biyu, kalmar 'yanci. Na ƙirga ta sau tara a bakin yaranka. Ka taɓa jin ɗan shekara 15 a Maamobi ya ce "ina son 'yanci"? Cewa yake yi "a bar ni mana", ko "na gaji", ko ya yi tsaki ya fice. 'Yanci kalmar 6 ga Maris ce, ranar bikin samun mulkin kan Ghana, ta filin fareti. Yaron da ke kwana da mutum shida a ɗaki ɗaya, yana bin layin bayan gida na haya da sassafe, abin da yake so yana da siffa da farashi: ƙofar da zai kulle ta ciki, wayar da ba mai bincikawa, barcin da ba a katse shi da yayyafa ruwa, sidi goma da ba sai ya faɗi me zai yi da su ba. Ka raba wa yaran uku buƙatu uku daban. Ɗaya ƙwallo. Ɗaya ya san ya faɗi jarrabawa, yana gudun ranar da sakamako zai fito. Na ukun ba abin da aka yi masa a gida, uwarsa ma shagwaɓa shi take yi, ya bi su ne kawai don kada a ce shi ragon maza ne. Wannan na ukun shi zai ba mutane dariya, kuma shi zai fi ba su tausayi. A yanzu yaranka uku murya ɗaya suke da ita, in aka rufe sunayen ba a gane mai magana.

Sai inda suka gudu. Bukka a wurin da ba kowa, wannan hoto ne da ka ɗauko daga finafinan ƙasashen da ke da dajin da ba mai shi a bayan gari. A Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke faɗa, ba taku ɗaya na ƙasa da ba mai ita. Bakin teku ma haka. Daga Jamestown zuwa Chorkor akwai masunta, akwai sarkinsu, akwai mata masu ƙona kifi da suka san duk wanda ya kwana a yashin nan. Kafin yaranka su kafa sanda ta biyu an zo an tambaye su da harshen Ga, na 'yan asalin Accra, ko su waye. Kada ka cire tekun, ka sa mutanensa a ciki. Ranar Talata masuntan Ga ba sa shiga ruwa, kwale-kwale duk suna kan yashi, ana ɗinkin raga. Yaran da ba su san wannan ba suka zo neman aikin jan raga ranar Talata, ga fitowa ta samu ba ka kashe ko sisi ba.

Amma abin da nake ganin shi ne zuciyar fim ɗinka, kuma ba ka taɓa shi ba ko kaɗan, shi ne wannan: ɗan zango ba ya ɓata. Duk garin da ya sauka a Ghana akwai zango, akwai masallaci, akwai mai waakye, wato shinkafa da wake, da ta yi makarantar allo da gwaggonsa. Ya sauka a Circle, mahaɗar motoci a tsakiyar Accra, mai tsire ya dube shi ya ce "kai ba jikan wance ba ne?" Ya hau mota ya yi kilomita kusan 250 zuwa Kumasi, ya shiga Aboabo ko Asawase, kafin la'asar an buga waya gida. Wannan igiyar ita ce take shaƙe yaron, kuma ita ce take ciyar da shi ranar da yunwa ta kama shi, don matar da ta tona masa asiri ita ce ta ƙara masa ƙwai da taliya ba ta karɓi kuɗi ba. Yaro a wata ƙasa yana gudu ya shiga inda ba a san shi ba. Namu yana gudu ya tarar an riga shi isa. In ka gina fim ɗin a kan wannan, ka yi abin da ba wanda zai yi maka shi daga waje, kuma ba wanda zai ce ka kwaikwayo.

Ka kuma riƙe lissafin aljihunsu. Nawa suka fita da shi, daga ina suka samo, yaushe ya ƙare. Ranar farko biki ce: indomi da ƙwai, lemo mai sanyi, hoto a waya. Ranar uku an fara ƙirga tsaba. Ranar huɗu a sayar da wayar wa? Faɗan da zai raba abokai daga nan zai fito, ba sai ka ƙirƙiro budurwa ka jefa a tsakaninsu ba, kamar yadda ka yi a shafi na 11. Yarinyar nan ba ta da aiki a labarin sai a yi faɗa a kanta. Ko ka ba ta nata abin da take nema, ko ka sallame ta.

Ba kai ne na farko da ya ɗauki wannan labari a ƙasar nan ba, kuma yana da kyau ka san waɗanda suka riga ka. A 1952 sashen fim na gwamnatin Gold Coast ya fitar da The Boy Kumasenu, wanda Sean Graham ya ba da umarni: yaro ya bar ƙauyen masunta ya shigo birni, ya faɗa hannun abokan banza, wani likita da matarsa suka tsamo shi. Hotunan suna da kyau har yau, amma akwai muryar mai ba da labari a sama tana gaya maka me za ka ji game da yaron. A tsakiyar shekarun 1950 kuma Bafaranshe Jean Rouch ya bi samari uku daga Nijar zuwa Kumasi da Accra, fim ɗin Jaguar da ya fito a 1967. Kyamararsa ba ta ɗaukar murya tare da hoto, sai daga baya samarin suka zauna suna kallon kansu suna surutu, suna yi wa juna ba'a, suna cika baki, aka ɗora wannan a kan hoton. Ka nemi biyun ka kalla a jere. A ɗaya ana magana a kan yaro, a ɗaya samarin ne ke magana. Za ka ga da idonka wanne ya tsufa.

Wannan ya kawo mu ƙarshen labarinka, inda ɗaya ya nutse a ruwa, biyun suka dawo suka durƙusa suna kuka, liman ya yi nasiha minti biyu. Na san inda ka samo shi. Tun da finafinan bidiyo suka fara a Ghana a ƙarshen shekarun 1980, har zuwa na Kumawood, wato na Kumasi, da na Kano da muke kallo a gida, an saba wanda ya saɓa wa iyaye ya mutu ko ya haukace kafin a rubuta sunayen 'yan wasa. Na kuma san kana tsoron a ce kana koya wa yara gudu daga gida. Amma kashe yaro don a koya wa sauran hankali arha ne, kuma yaran da kake so su kalla sun fi kowa gane wa'azin da aka naɗe a ganyen fim. Su dawo, ba laifi, yawancin masu gudu dawowa suke yi. Tambayar ita ce me ya canza. Wataƙila uban bai ce komai ba, ya tura masa kwanon tuwo. Wataƙila yaron ya tafi Kokompe ɗin da kansa ranar Litinin, da takalmin ƙwallo a leda. Wataƙila ɗaya daga cikin ukun bai dawo ba, sai saƙon murya daga wata lamba mai farawa da +227, ta Nijar, kuma duk wanda ya zauna a Nima ya san hanyar Agadez ke nan, ba sai ka bayyana ba.

Harshe. Ka rubuta maganar yaran da Hausar littafi, "ta tafi, ya dawo", komai a daidaice. Kai kanka ba haka kake magana ba. Yaron Maamobi yana ce wa uwarsa "ya", yana haɗa Hausa da Turancin buroka da Twi a numfashi ɗaya, in ya je bakin teku ya ɗan taɓa Ga. Da uba kuma murya takan sauka, Hausa ta miƙe, ido ya koma ƙasa. Wannan sauyin harshe tsakanin bes da gida shi kansa labari ne. Kada ka gyara musu baki don mutanen Kano su gane, fassarar ƙasan allo za ta yi wannan aikin. Ka ba yaran abin da fitowar take nufi, su faɗe shi da nasu bakin, ka ɗauka a waya lokacin gwaji, sannan ka koma ka rubuta abin da ya fi daɗi.

Yanzu aiki. Kada ka fara da dogon fim. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka ka nufi shafi 15, kwana biyar ko shida na ɗauka. In gajeren ya tsaya da ƙafarsa, shi ne takardar shaidarka wajen neman kuɗin dogon. Kuɗinka ba kyamara za ta ci ba, abinci da mota za su ci, mutum goma sau biyu a rana. Ka yi wannan lissafin tun kafin ka kira kowa, ka kuma gaya wa kowa gaskiyar abin da zai samu.

Abin da ya rage, ka zuba shi a sauti. Nan ne masu ɗaukar biki suke faɗuwa, don a bidiyon aure waƙa tana rufe kowane aibi. Mutane suna yafe hoto mai duhu, ba sa yafe maganar da ba su ji ba. Unguwarmu kuwa ba ta yin shiru: janareto, okada, lasifikar mai magani, injin niƙa, yara, ga kiran salla da dole ka tsaya masa. Bakin teku ya fi muni, iska da igiyar ruwa suna cinye murya. Kana buƙatar ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga ga kowane yaro, da na sanda mai rigar gashi saboda iska, da mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai sauraro da abin kunne. A kowane wuri, bayan an gama, kowa ya yi tsit a ɗauki minti ɗaya na sautin wurin shi kaɗai, wajen tacewa za ka gode mini. Ɗalibai daga NAFTI, makarantar fim da ke Cantonments tun 1978, wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar UniMAC, sukan nemi aikin da za su gwada hannu. Mai sauti za ka nema a cikinsu, ba mai kyamara ba. Akwai kuma wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni, da sarakunan Ga suke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo. Gari yakan ɗan lafa, sai dai lokacin ne ruwan sama ya fi ƙarfi, sai ka auna.

Kyamararka ta biki ta isa. Ka saita ta a hoto 25 a daƙiƙa da saurin rufewa 1/50, saboda wutarmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba fitilun ɗaki za su riƙa ƙyafta ido a hoton. Kowane dare ka kwafe abin da aka ɗauka a ma'aji biyu, ɗaya ya kwana a wani gidan. DaVinci Resolve yana da na kyauta, ya ishe ka tacewa da gyaran launi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ka manta da shi: sai an yi masa rajista a hukumar kula da jiragen sama, ga filin jirgin saman Accra a maƙwabtanmu, kuma labarin nan a ƙasa yake, daidai tsayin idon yaro.

Maganar yaran ita ce mai nauyi. Dokar yara ta 1998, wato Act 560, ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Shekarun fara aiki 15 ne, aiki mai sauƙi 13, kuma ta hana sa yaro aikin dare, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Rabin labarinka da dare yake. Sa'arka ɗaya, a Accra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara kuma duhu yana saurin sauka, don haka daga bayan magariba zuwa takwas kana da dare na gaske na sa'a ɗaya da wani abu. Ka shirya fitilu da gwaji tun la'asar, ka rarraba fitowar dare a kan kwanaki. Dokar nan ta lissafa shiga teku cikin ayyuka masu haɗari da ba a yarda wa ɗan ƙasa da 18 ba. Ko ba doka ma, ruwan gaɓarmu yana da ja, yana ɗaukar wanda ya iya iyo balle yaranmu da yawancinsu ba su taɓa koyo ba. Kada ƙafar kowa ta wuce gwiwa a ruwa. In kana son sauƙi, ka nemi 'yan 18 ko 19 masu ƙaramar fuska, akwai su da yawa a filayen ƙwallo.

Wajen iyaye kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka aika yaron ya faɗa. Ka ɗauki babba da ake jin nauyinsa, kawunka ko malamin makarantar da yaron ya yi, ku je da rana ku zauna. Ka ba da labarin duka, har wurin da yaron zai riƙe sigari ko ya ɗaga wa uba murya, don in suka gani a allo ba ka faɗa ba, kai da unguwa kun ɓata har abada. Uba zai ce "to", amma uwa ce za ta bari ko ta hana, ita za ka gamsar. A rubuta yarjejeniya, a karanta musu da Hausa, su sa hannu, kuma a bar wani babba na gidan ya zo wajen ɗauka duk ranar da ya ga dama. Lungun da za ku yi aiki ma yana da masu shi: ka gaida mai unguwa, ka gaida limamin masallacin kusa, ka gaida samarin bes ɗin wurin, su ne za su tare maka hanya su kore maka 'yan kallo, ko su hana ka sakat.

Ka ɗauke komai a jere, cikin hutun da ke tsakanin BECE da shiga sakandare. Na taɓa tace wani aiki da kuɗi suka yanke a tsakiya, aka tsaya wata biyar. Da aka dawo, jarumin ya ƙara tsawo, muryarsa ta fashe, gashin baki ya fara tsiro. A fim ɗin yana shiga ɗaki yaro, yana fitowa saurayi. Mun yi mako uku muna yanke-yanke, daga ƙarshe muka zubar da kashi ɗaya cikin uku na labarin. Ka ɗauki hoton askin kowane yaro ranar farko, ka riƙe kayan da suke wasa da su a wurinka, kada su tafi da su gida, uwa za ta wanke rigar da ya kamata ta yi kwana huɗu da datti.

Waƙa: kada ka ɗora ta wani mawaƙi don kawai kana son ta. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005, Act 690, tana nan, YouTube zai kama ka, kuma ba bikin fim da zai karɓi aikin da ba ka da izinin kiɗansa. Unguwar nan cike take da yara masu haɗa kiɗa a ɗaki, ka yi yarjejeniya da ɗaya a rubuce. Kafin ka nuna wa jama'a da tikiti kuma, dokar fim ta 2016, Act 935, ta ce sai hukumar fim ta ƙasa ta duba ta sa masa matakin shekaru. Bayan nan akwai bikin Black Star a nan Accra, akwai FESPACO a Wagadugu da ake yi tun 1969, duk shekara biyu, kuma yana da sashen gajerun finafinai. Za ka buƙaci fassarar Turanci, ta Faransanci ma in ka nufi can. Amma nunin farko ka yi shi a unguwa, da farin ƙyalle da majigi bayan isha'i, iyayen yaran a layin gaba. Ka tsaya a baya ka saurari inda aka yi dariya da inda aka fara hira, ka koma ka yanke wuraren hirar.

Kafin duk wannan, ka sake rubuta mini fitowa ɗaya tak: daren da yaron zai fita. Uban yana shirin tafiya gadi, yaron ya riga ya ɓoye jakarsa a bayan randa. Shafi biyu, ba bulala, ba kalmar 'yanci, kuma kada ɗayansu ya faɗi abin da ke ransa. In ka gama ka turo, sai mu duba na sauran yaran biyu.